Ku Tambayi Inna Malama: Alli ko Alƙalami?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Daga nan Tawa nike rubuto muku, hunturu ya sauko, ƙura har cikin kofin shayi. Wasiƙun wannan watan kamar an haɗa baki, kusan duka maganar rubutu da koyarwa ce, to na tsamo huɗu, sauran ku yi mini haƙuri sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ta farkon na bar ta yadda ta zo, ban gyara ko baƙi ɗaya ba.

Tambaya daga wata ɗaliba, unguwar Bilbis, Tawa:

Slm Inna Malama ina wuni ya gida ya sanyi. Dan Allah shawara nike nema. Ni bana na samu bak dina, kuma tun ina karama ba abinda nike so kamar karatun littafi da rubutu, ina da kaye uku cike da labarai da wakoki ba wanda ya taba gani sai kanwata. To babana yace in yi kwankur din shiga ekol normal in zama malama tunda aikin na kusa da gida, ni kuma tsoro nike ji in na shiga aji rubutun ya mutu dan ina ganin yadda yayata ke dawowa daga lakwal murya a dishe ga gyaran kaye har dare. Kawayena kuma suna cewa rubutu ba sana'a bane a Nijar. Wai da gaske taura biyu bata taunuwa? Ya zan yi Inna?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗiyata, sanyi lokacinsa ne, kuma barka da samun bak, Allah ya sa albarka. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a na biyun sai da na aje tabarau na ɗan yi shiru, don kaye ukun nan naki na san su, ni ma na ɓoye irinsu a ƙasan akwatin kaya shekara da shekaru.

Bari in fara da maganar ƙawayenki don akwai gaskiya a ciki kuma ba ni son in yaudare ki. Rubutu shi kaɗai ba ya riƙe gida a ƙasar nan. Duk marubutan da na zauna da su a Yamai da Damagaram da nan Tawa kowa da aikin da yake ci da shi, wani malami, wani ɗan jarida, wani ma'aikacin rediyo, littafi kuwa sau da yawa da kuɗin aljihunka za ka buga shi sannan ka ɗauka ka bi mutane da shi, ƴan uwa kuma kowa kyauta yake jira. Amma ki duba su wa suka bar mana abin karantawa. Bubu Hama, wanda gidan tarihi na Yamai ke ɗauke da sunansa, malamin makaranta ne tun 1929 kafin ya zama shugaban majalisar dokoki, kuma a 1971 ya ci babbar kyautar adabi ta Afirka baƙar fata. Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar midil ta Katsina ya shiga gasar rubutun Hausa ta 1933, daga nan ne hanya ta buɗe har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ki koma baya kuma ki ga Nana Asma'u, wadda mahaifinta Shehu Usmanu aka haifa a Maratta a 1754, nan kusa da Galmi garin albasa, ba wata ƙasa mai nisa ba. Ita waƙoƙinta da Hausa da Fulatanci da Larabci ai don karantarwa ta tsara su, ta koya ma matan da ake kira jaji, wato jagororin mata, su kuma su bi ƙauyuka su koya ma mata. Ita ba ta ga taura biyu ba, taura ɗaya ta gani, ni ma bayan shekara talatin da ƴan kai a cikin aji abin da na gani kenan.

Ni son kalma a tsakar gida na same shi, wajen kakata, tun ban san akwai wani abu wai shi littafi ba. Tsohuwar nan ba ta taɓa riƙe alƙalami ba amma hatsi kaɗai in ta kama yi miki bayaninsa sai rana ta faɗi. Binne daban da shuka, in ya fitar da kai ya yi bununi, in ya fara nuna a gasa tumu, a yanke zangarniya a ɗaure dami a kai rumbu, sannan sussuka, shiƙa, surfe, bakace, a wanke a tsiyaye ƙasari a ba dabbobi, a yi ribɗi, a tankaɗe a fidda tsaki, a ɗebi gumba a ba yaro mai kuka kafin a kai ga dawo. Kowane motsi na hannun mace da sunansa. In na ce mata ina daka sai ta ce wane dakan, kuma ba ta bari na wuce sai na faɗi daidai. Da dare kuma ga ta nan ga ta nanku, mu ce ta zo mu ji ta, har barci ya kwashe mu kafin ƙurunƙus.

Sai aka kai ni lakwal, inda duk wannan arzikin ya zama laifi. Ku ƴan yanzu ba ku san sambol ba, Allah ya raba ku da shi. Wani ƙashi ne aka huda aka sa ma zare, duk wanda aka ji ya yi Hausa sai a rataya masa a wuya, shi kuma ya wuni yana baza kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda abin ya kwana a hannunsa shi ke shan bulala. Ranar da ya hau wuyana ina CE1, aji uku na firamare, kalma ɗaya na faɗi. Kunama na gani tana hawa zanen yarinyar da ke gabana, na yi tsalle na ce kunama! Ban san sunanta da Faransanci ba, ko da na sani ma ba shi zai fara zuwa bakina ba. Yarinyar ta tsira, ni kuma na koma gida da ƙashi a wuya ina kuka. Kakata ta saurare ni har na gama, ta ce to ke da bakinki ya ceci mutum mi kike ma kuka. Wallahi ɗiyata har yau in na kama alƙalami muryar nan nike ji. Ban tsani Faransanci ba ko kaɗan, na so shi, na ci dikte, na koyar da shi shekaru masu yawa kuma ya buɗe mini littattafan duniya, sai dai tun ranar na san wane harshe ne ke fita daga cikina ba tare da na nemo shi ba.

Yanzu maganar aji. Abin da kike gani ga yayarki gaskiya ne, murya na dishewa, alli na shiga maƙogwaro, ki dawo ga girki ga yara ga tulin kaye. Akwai shekarun da ban rubuta ko shafi goma ba, musamman lokacin goyo. Amma abin da ba ki gani daga waje shi ne aji ya fi kowane edita iya gyara marubuci. In kika tsaya gaban yara sittin kika yi jimla mai tsawo marar kai, nan take za ki ga idanu sun koma taga, ba mai yi miki kara. In kika sami kalmar da ta dace kuwa za ki ji ajin ya yi tsit. Wanda ke rubutu shi kaɗai a ɗaki sai ya shekara bai san ko maganarsa ta shiga ba, malama kuwa kullum da safe ana ba ta amsa.

Akwai wani yaro da na riƙe a CI, ajin farko na firamare, a wani ƙauye wajen Keita, wata uku bai ce uffan ba, har an fara cewa ko kurma ne. Wata rana da rekireyasho na ishe shi a gindin bedi yana zana wani abu a ƙasa da tsinke, na durƙusa na ce masa da Hausa mi kake zanawa. Ya ce akuyarmu ce, ta haihu jiya, biyu, guda ya mutu. Na ja hannunsa muka shiga aji na rubuta a tabulo da manyan baƙaƙe, akuyarmu ta haifi biyu. Na karanta masa ina nuna kowace kalma, sai ya dube ni ya dubi tabulo ya ce, maganata ce wannan? Na ce taka ce. Ya sa ɗan yatsa ya taɓa allin a hankali kamar mai taɓa wuta. Kafin damina yaron nan yana haɗa baƙi. Littafina na farko, ɗan ƙarami na karatun yara, daga irin waɗannan jimlolin na haɗa shi, na akuya da rijiya da ranar kasuwa da baban da ya tafi bida Abijan bai dawo ba. Da a ofis nike zaune ina zan same su?

To ga shawarata. Ki yi kwankur ɗin, ga Ekol Normal Kawsan nan cikin gari ba sai kin yi nisa ba, amma da sharaɗi ɗaya, ki tambayi zuciyarki ko kina iya son ɗiyan mutane. In kin san hayaniyar yara na tayar miki da rai kada ki shiga don babanki ya ce, yara ne za su biya bashin. In haka ne ki zauna da shi cikin ladabi, ko ki sa gwaggonki ta shiga maganar, ki nuna masa akwai karatun harsuna da adabi a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, daga can ma ana fitowa a koyar a kolaj ko lise ko a shiga jarida. In kuwa kin shiga aji, ki kama lokaci guda ki ce nawa ne. Ni bayan sallar asuba ne, kafin a hura wuta, minti talatin, shafi ɗaya ko rabi, ranar da ba abin rubutawa sai in kwafe kalmomin da na ji jiya. Babban hutu kuma wata uku ne, nan ake ɗinke abin da aka tara. Kuma don Allah kaye ukun nan ki fidda ɗaya ki karanta ma wasu da babbar murya, ko ƙannenki da ƙawayensu, ki lura da inda suka yi hamma.

Tambaya daga wani malamin firamare, Talaje, Yamai:

Inna Malama barka da aiki. Ni ɗan kwantaragi ne shekara tara kenan, ajina ya fi yara tamanin a rumfar zana. Da can ina son aikin nan, ina rubuta waƙoƙi har ana karantawa a fadarmu, yanzu wallahi ko littafi ban iya buɗewa, kuɗin wata sai ya makara, mai gidan haya na bina. Abin da ya fi ci mini rai yaro ya kai CM1 bai iya karanta sunansa ba. Ina tunanin in aje allin in kama kabu-kabu. Laifi ne?

Amsa:

Ɗana sannu, Allah ya saka da alheri, shekara tara a rumfar zana ba wasa ba ce. Ba laifi ba ne, kuma ba ni ce zan zauna a inuwa in ce ka yi haƙuri da yunwa ba. Ciyar da iyali wajibi ne. Da yawa cikin ɗiyan da na koyar suna aji da safe suna babur da marece, ba wanda mutuncinsa ya ragu a idona. Haƙƙinka kuma ka neme shi tare da ƴan uwanka malamai ta sandika, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ni ma na taɓa yin watanni a wani ƙauye albashi bai zo ba, matar mai gari ce ke aiko mini da hura, kunyar abin har yau ban manta ba.

Amma na lura a wasiƙarka ba kuɗin ka ce ya fi ci maka rai ba, yaron CM1, ɗan aji biyar, ka ce. Wanda ya gama da koyarwa ba ya irin wannan maganar. To bari mu tsaya kan yaron.

Yaron nan ba daƙiƙi ba ne. An ɗora masa kaya biyu lokaci guda, ya koyi yadda baƙi ke zama sauti, kuma ya koye shi cikin harshen da ba a yi a gidansu, sai ya haddace abin da ke tabulo kamar waƙa ya wuce aji zuwa aji. Wannan ba sabon gano ba ne a Nijar. Abdu Mumuni, masanin hasken rana da aka sa ma jami'a sunansa, tun 1964 ya yi littafi kan ilimi a Afirka yana cewa a koyar da yara da harshen uwa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Tamajaƙ da Barbarci, cibiyar INDRAP mai tsara kayan koyarwa ta yi ta shirya littattafai, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan gida wuri, a 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki. Abin da ke ba ni takaici shi ne mun fi shekara hamsin muna kiran abu gwaji, kuma doka komai kyanta ba ta karanta ma yaro labari. Littafin da yaro zai riƙe a hannu shi ne babu, wa zai rubuta shi in ba irinka ba, da ka san aji kuma ka san waƙa?

Ga abin da na yi ya yi mini aiki, ba ya cin ko dala. Minti goma na ƙarshe kafin tashi, ka rufe littafin gwamnati ka ce wa zai ba mu labari. Abin da yaro ya faɗi ka rubuta jimla ɗaya ko biyu a tabulo da harshen da ya faɗe ta, ku karanta tare, su kwafe a ardwaz. Ajinka na Yamai ne, na san akwai Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Buzaye a tabarma ɗaya, to ka bi su bi da bi, yau wannan gobe wancan, in ba ka jin harshen yaro ya zama malaminka na minti biyar, ka ga yadda zai miƙe wuya. Kada ka bari wani yaro ya ji nasa harshen ne aka rataya ma ƙashi, mun sha wannan ya isa. Sautin da suka kama da harshen gida shi za su tsallaka da shi zuwa Faransanci, ba ya rage musu komai. Sannan waƙoƙin nan naka da ka daina, ka gwada yi ma ajin guda, baiti huɗu kan baƙaƙe ko kwanakin mako ko kogin Isa da gadar Kennedy da suke gani. Ranar da ka ji yara tamanin na rera abin da ka rubuta daren jiya har a hanyar gida, ka rubuto mini ka faɗa mini ko kana iya buɗe littafi ko a'a.

Wani abu kuma tunda kalma ce sana'armu. Ƴan uwanmu na Najeriya in suka ji yaranmu na kiran malami mushe sai su zaro ido, don su abin da suka sani da wannan sunan daban ne. Mu kuwa mun ɗauko kalmar Bafaranshe, monsieur, mun murɗa ta ta zauna a bakinmu, har tsoho mai furfura ya gamu da wanda ya koya masa a kasuwa ya rusuna ya ce ina kwana mushe. Ni in na shiga kasuwar Tawa sai in ji madam daga bayan buhunan albasa, in juya in ga ƙato da gemu, ya hana ni biyan kuɗi. Wannan ba ya biyan haya, na sani, amma kada ka fidda shi daga lissafi ranar da za ka yanke shawara.

Tambaya daga wata marubuciya, Ƙonni:

Inna ni ina rubuta labarai ina sakawa a WhatsApp da Wattpad, masu karatuna rabi ƴan Nijar rabi ƴan Najeriya. To wasu na yi mini dariya wai Hausata ta ƙauye ce don ina rubuta shina da munka da biyat. In bar Adarancina in koma Kananci ko ya?

Amsa:

Ɗiyata wanda ya ce Adaranci Hausar ƙauye ce bai san Hausa ba. Abin da ya faru shi ne da aka zo daidaita rubutun boko an ɗauki karin Kano aka gina a kai, don littafi da jarida su zama kowa na iya karantawa daga Agadas har Kumasi. Zaɓi ne aka yi don sauƙi, ba hukunci aka yanke cewa sauran kare-karen gurɓatattu ne ba. Masana harshe ma sun nuna Hausar yamma, ta Sakkwato da Gobir da Adar da Arewa ta wajen Dogondutsi, ta riƙe tsofaffin siffofi da yawa da ta gabas ta saki. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, mai kalmomi wajen 39,000, cike yake da kalmomin da ya sa ma alamar yankin da ake faɗinsu, bai zubar da su ba. Manyan makaɗan fada da na maza da duk ƙasar Hausa ke ji kuma da wane kari suka yi waƙa in ba na yamma ba?

Ni ga yadda nike yi. Bakin mai ba da labari in sa shi a daidaitacciyar Hausa don kowa ya bi, mutanen cikin labarin kuwa in bar kowa da bakinsa. Tsohuwa a Illela ba za ta ce me ya faru ba, mi ya hwaru za ta ce, in kika sa mata Kananci kin kashe ta tun ba ta yi motsi ba. Ɗan lise na Yamai kuma sai ya haɗa da Faransanci da ɗan Zabarmanci, ki bar shi haka. In kalma ta yi nisa da mai karatun Kano ki gina jimlar yadda ma'anar za ta fito da kanta, sau biyu sau uku zai kama, ya ƙaru. Mu ai haka muka koyi kalmominsu daga littattafan kasuwar Kano da ke shigowa ta Ƙonni da Maraɗi, ba wanda ya fassara mana.

Inda ba ni yi miki sassauci shi ne ƙa'idar rubutu, da ke da ɗiyata ta Bilbis duka. Baƙaƙe masu ƙugiya ba ado ba ne. Baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban, bari daban ɓari daban, in kika rubuta ya bata ba mu san kyauta ya yi mata ko ɓacewa ya yi ba. Mutane sun zauna kan wannan, a Bamako a 1966, a nan Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijar da Najeriya, sannan Nijar ta fidda tata ƙa'idar a 1999. Bambancin da za ki fi gani shi ne mu muna rubuta ƴa da ƙugiya, su kuma 'ya da ɗan waƙafi a sama, duk wanda kika ɗauka ki tsaya a kansa. Wayarki na iyawa, ki shiga saitin kibod ki ƙara Hausa, ki danne k ko d ko b za ki ga mai ƙugiyar ta fito. Sai raba kalma, ya ce ba yace ba, ba ne ba bane ba. A hira da ƙawaye ki yi yadda kike so, ni ma ina yi, amma labarin da kike so ya rayu bayanki ki ba shi haƙƙinsa. Kuma ki sa ido kan gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun 2016 ake yin ta don mata marubuta gajerun labarai, ko ba ki ci ba iyakar kalmomin da suke sawa za ta koya miki yanke surutu.

Tambaya daga wani dattijo mai ritaya, Yantala, Yamai:

Malama, na haura saba'in, na yi aikin gona da kiwo na gwamnati a Adar da Azawak. Ina da labarai da karin magana da sunayen itatuwa da ciyayi da yawa a kaina, jikokina ba su san ko ɗaya ba. Ido ya yi rauni, ban taɓa rubuta littafi ba. Lokaci bai ƙure ba?

Amsa:

Ranka ya daɗe Alhaji, bai ƙure ba, amma kada a kai gobe. Ba sai ka riƙe alƙalami ba. Ka kira jika guda mai haƙuri, ya aje waya a gabanka bayan la'asar ya danna ɗaukar murya, kai dai ka yi ta magana kamar kuna hira, yau itatuwa, gobe rijiyoyi da hanyoyin makiyaya, jibi yunwar 1973 da ta 1984 yadda ka gan su da idonka. Kowane suna ka faɗi inda ake faɗinsa da abin da ake yi da shi, in ka san na Tamajaƙ ko Fulatanci ka haɗa. Shi jikan ya kwafe a kaye, ya karanta maka ka gyara, a aje muryar wuri biyu kada waya ta lalace. In ya taru, kana Yamai, ga cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 don adana tarihin baka, ga IRSH, cibiyar bincike ta jami'a, a kai musu su gani. Ni kakata ta rasu ina ekol normal, ina ta cewa in na dawo hutu zan zauna da ita da kaye, abin da na tsira da shi ɗan abin da kunnen yarinya ya riƙe ne. Don Allah Alhaji in kun fara ka sa jikan ya turo mini shafin farko ta hannun edita, na itatuwan nike so in fara gani.